Yadda ake gina samfurin tsari don tantance haɗarin burtsatsen sola a ƙauye

Burtsatsen sola a ƙauyen Jigawa ko Kano yakan ratsa ta hannun mutum huɗu ko biyar kafin ruwa ya zubo. Mai haƙa yana da takardarsa, mai sola yana da tasa, mai walda da ya haɗa hasumiyar tanki lissafinsa a kansa yake, kwamitin ruwa kuma littafin kuɗin jarka kawai suka sani. Kowa na iya yin aikinsa daidai, amma tsarin ya kashe mutum ko ya sa gari amai da gudawa, domin babu takarda ɗaya da ta nuna yadda aikin wannan ya rataya a kan na wancan.

Wannan giɓin ne injiniyancin tsari bisa samfuri yake toshewa. Samfuri a nan yana nufin bayani guda ɗaya, mai ƙa'ida, da ya ƙunshi buƙatu, ayyuka, sassa da mahaɗan da ke tsakaninsu. Duk wani zane, lissafi ko jerin kayan saye daga cikinsa ake cirowa. Ƙungiyar injiniyoyin tsari ta duniya, INCOSE, ta fayyace ma'anar hanyar a 2007, shekarar da harshen zane na SysML ya fito a sigarsa ta farko. Masu ƙera jirgin sama da tauraron ɗan'adam suna amfani da manhajoji irin su Capella, wadda kamfanin Thales na Faransa ya saki kyauta. Don burtsatsen ƙauye, Excel da babbar takarda sun wadatar, muddin an kiyaye doka ɗaya: kowane adadi wuri ɗaya tak ake rubuta shi, sauran wurare su yi nuni zuwa gare shi.

Misalin da za mu bi: ƙauye mai mutum 1,200 a kwarin Haɗeja, da ƙaramin asibiti a gefen makarantar firamare.

Mataki na farko: shata iyaka

Zana babban akwati a tsakiyar takarda. Abin da za ka gina ko ka sarrafa ya shiga ciki: rijiya, sumo (injin da ke nutse cikin rijiya yana turo ruwa sama), kwantirola (na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa ga sumo), farantan sola, wayoyi, hasumiya, tankuna, bututu, kawunan famfo. A waje ka jera duk abin da ke taɓa tsarin alhali ba ka da iko da shi: rana, ƙurar hunturu, guguwar farkon damina, tsawa, ambaliya, ruwan ƙarƙashin ƙasa, masai na maƙwabta, shanun makiyaya, yara, masu garuwa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin mutane a wajen akwatin. Mai kula da famfo da mai gyaran da ake kira daga cikin gari sassa ne na tsarin kamar yadda kwantirola take. Suna karɓar bayani, suna yanke shawara, suna kunnawa suna kashewa. Farfesa Nancy Leveson ta jami'ar MIT a Amurka ta gina hanyarta ta nazarin haɗari a kan wannan fahimta: haɗari yakan faru ko da babu sashen da ya lalace, idan mai iko da tsarin ya ba da umarnin da bai dace da halin da ake ciki ba. Saboda haka ka sa su a ciki, ka ba su lamba kamar kowane sashe.

Mataki na biyu: buƙatu masu lamba, waɗanda za a iya gwadawa

"A samar wa gari wadataccen ruwa mai tsafta" fata ne, ba a iya auna shi. Buƙata sai ta zo da adadi da hanyar tabbatarwa. Ga yadda za su kasance:

B1: lita 20 ga kowane mutum a rana, wato lita 24,000.
B2: kada a sami masai ko ramin shara cikin mita 30 daga rijiya.
B3: idan ana sa kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa), ragowarsa a kan famfo ya kasance tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a kowace lita.
B4: asibiti ya sami ruwa ko da sumo ya tsaya na kwana ɗaya.
B5: kada hannun mutum ya iya kaiwa ga waya mai wuta ba tare da an buɗe akwati da makulli ba.

Zauna da dagaci, kwamitin ruwa, matan da ke aiko yara ɗiba da ma'aikacin asibiti kafin ka rufe jerin. Tambayar da ta fi fito da gaskiya ita ce: "Ranka ya daɗe, a watan Afrilu su wa ke zuwa shan ruwa a nan waɗanda ba 'yan gari ba?" Idan amsar ta haɗa da garken shanu, to B1 ta canza tun kafin a sayi ko ƙusa, domin saniya ɗaya a bazara tana shan abin da ya fi na mutum biyu.

Mataki na uku: ayyuka kafin kaya

Rubuta abin da tsarin zai yi ba tare da ambaton kayan da za su yi shi ba: A1 ɗebo ruwa daga ƙasa, A2 samar da wuta, A3 adana ruwa a sama, A4 rarrabawa, A5 tsayar da ɗiba idan ma'aji ya cika, A6 tsayar da ɗiba idan rijiya ta ja baya, A7 hana ƙazanta shiga. Bayan haka sai ka ɗora kowane aiki a kan sashen da zai ɗauke shi. Amfanin wannan jeri yana bayyana nan take. A wurare da yawa za ka tarar A5 babu na'urar da ta ɗauke shi, mai kula ne ke kashewa idan ya ga ruwa na malala. Hakan ba laifi ba ne idan an rubuta, an kuma amsa tambayar wa ke yin A5 ranar Juma'a da azahar ko ranar kasuwa.

Mataki na huɗu: lissafin da ke ɗaure sassa da juna

A nan samfuri yake fara biyan wahalar da aka sha. Ɗauki awa 6 na rana mai ƙarfi. Lita 24,000 a raba da 6 ya ba da lita 4,000 a awa. Tsayin da sumo zai tura ruwa shi ne zurfin ruwa yayin da ake ja, a ce mita 45, da hasumiya mita 6, da tsayin tanki mita 2, da asarar gogayya a bututu kimanin mita 7: jimla mita 60. Ƙarfin da ruwan ke buƙata shi ne 4 (lita dubu huɗu a awa) sau 60 (tsayin) sau 9.81 (ƙarfin jan ƙasa) a raba da 3,600 (daƙiƙun awa ɗaya), wato kilowat 0.65. Idan ingancin sumo da motarsa rabi ne, ana buƙatar kilowat 1.3. A ƙara rabin wannan saboda zafi, ƙura da asarar waya, sai a kusanci kilowat 2: faranti 6 masu wat 330.

Kowane adadi a nan ɗa ne ga wani. Lita 4,000 a awa ta fito daga B1, kuma dole a gwada ta da abin da rijiyar ke iya bayarwa a gwajin ja na tsawon sa'o'i. Idan gwajin ya nuna 3,000, sumo mai jan 4,000 zai riƙa shan iska kullum da rana tsaka. Wannan ya fi faruwa a ƙasar dutse, kamar yawancin jihar Kano da kudancin Jigawa wajen Birnin Kudu da Gwaram, inda ruwa ke zaune a tsagogin dutse. A arewa maso gabas, wajen Haɗeja da Gumel, ƙasar yashi da laka ce ta kwarin Chadi: ruwa ya fi yawa, amma yashi na cinye sumo idan matatar rijiya da tsakuwar da aka zuba kewaye da ita ba su dace ba.

Shi ya sa kwafo zanen wani gari a dasa a wani yake da haɗari. Rokar Ariane 5 ta Turai ta tarwatse ranar 4 ga Yuni 1996, kimanin daƙiƙa 40 bayan tashi, saboda an ɗauko manhajar da ta yi aiki lafiya a Ariane 4 ba tare da sake duba zaton da aka gina ta a kai ba. Ka buɗe shafi na musamman a samfurinka mai suna "zato", ka rubuta kowane abu da ka ɗauka gaskiya ne ba tare da ka auna ba.

Sai nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tankuna 4 masu lita 5,000 tan 20 ne a kan ƙarfe mai tsayin mita 6. Wannan adadi ya shiga samfuri a matsayin buƙata ga mai walda da mai zuba ginshiƙi, a rubuce.

Sai wuta. Faranti ɗaya irin wannan yana ba da kimanin bolt 46 idan babu na'urar da ke jan wutarsa. Shida a jere sun ba da 276. Ƙarfin yana ƙaruwa da kusan kashi 0.3 cikin ɗari ga kowane digiri ɗaya da sanyi ya sauka ƙasa da 25, don haka a safiyar hunturu mai digiri 10 zai kai kimanin 288. Idan iyakar da aka rubuta a jikin kwantirola 300 ce, an tsira da kyar. Ranar da wani ya ƙara faranti na bakwai don ruwa ya ƙaru, lissafin ya haura 330, kwantirola ta ƙone da sassafe, mutane su ce kayan jabu ne.

Mataki na biyar: halayen da tsarin ke shiga

Zana da'irori ka haɗa su da kibiyoyi: dare, ana cikawa, tanki ya cika, rijiya ta ja baya, ana gyara, ambaliya, an daɗe ba a yi amfani ba. A kan kowace kibiya ka rubuta abin da ke jawo sauyin da wanda ke lura da shi. Haɗarin kowane hali dabam yake. Tanki cike yana danne ginshiƙi. Tanki fanko kuma ba shi da nauyin da zai riƙe shi, guguwar watan Mayu ko Yuni na iya cillo shi ƙasa idan ba a ɗaure shi da ƙarfe ba. A halin gyara, kashe kwantirola ba ya kashe farantai: muddin akwai haske, bolt 276 na nan a kan waya. Wutar faranti kuma miƙaƙƙiya ce, ba ta sauka sifili sau 100 a daƙiƙa kamar wutar gida, don haka tartsatsinta idan ya kama ba ya mutuwa da kansa. Dole makatsin da za a sa tsakanin farantai da kwantirola ya zama wanda aka ƙera don irin wannan wuta, mai iyaka sama da adadin da ka lissafa a mataki na huɗu.

Mataki na shida: daga ƙasa zuwa sama, sashe bayan sashe

Yanzu aka zo tantance haɗari, kuma daga samfurin za a ciro shi. Hanya ta farko ita ce nazarin yadda kowane sashe ke gazawa da abin da gazawar ke haifarwa, wadda injiniyoyi ke taƙaitawa da FMEA. Sojojin Amurka ne suka fara rubuta ƙa'idarta a 1949. Ka ɗauki kowane sashe da kowace mahaɗa, ka yi tambaya huɗu: idan bai yi aikinsa ba fa? Idan ya yi lokacin da ba a so? Idan ya yi fiye ko ƙasa da kima? Idan ya yi a makare? Sannan ka bi kibiyoyin samfurin ka ga inda abin zai kai.

Ɗauki makashin da ke yawo a saman ruwan tanki, wanda ke ɗauke da A5. Idan ya maƙale, sumo ba zai tsaya ba, ruwa zai malalo. Mai kallon takardar sola kaɗai zai ce asarar ruwa ce kawai. Bi kibiyar: ruwan yana zuba a gindin hasumiya, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi a ƙarƙashin tan 20, a daidai inuwar da yara ke zama suna jiran layi. Bi ɗaya kibiyar: ruwan ya kwanta ya zama kududdufi, dabbobi su taru suna kashi a ciki, kuma rijiyar tana nan mita kaɗan daga wurin. Ƙaramar na'ura ɗaya ta buɗe ƙofar haɗari biyu mafi muni a tsarin. Maganin ma daga nan yake fitowa: bututun malala mai faɗin da ya fi na shigowa, a kai shi nesa da ginshiƙi da rijiya zuwa kwamin shayar da dabbobi ko ramin tsotsewa, a kuma kewaye gindin hasumiya da shinge.

Ana ba kowace gazawa maki daga 1 zuwa 10 a kan muni, yawan faruwa da wuyar ganewa, a ninka su. Yi hattara da wannan ninki. Rushewar hasumiya na iya samun 10 sau 2 sau 2, wato 40, kan famfo mai yoyo ya sami 4 sau 5 sau 5, wato 100. Wanda ya bi lamba ido rufe zai gyara famfo ya bar hasumiya. Duk abin da muninsa ya kai 9 ko 10 shi ake fara magancewa, kome ƙanƙantar jimlarsa.

Mataki na bakwai: daga sama zuwa ƙasa

Hanya ta biyu bishiyar musabbabi ce, wadda aka ƙirƙiro a ɗakunan binciken Bell a Amurka a farkon shekarun 1960 don makami mai linzami na Minuteman. Ana fara ta daga mummunan abin da ake gudu, a gangaro ana tambayar me zai jawo shi. Ruwa ba ya tsami banza. Rubuta a sama: "gurɓataccen ruwa ya kai bakin mutane". Wannan na buƙatar abu biyu su haɗu: ƙazanta ta shiga, kuma ba a kashe ta ko an gano ta ba. Wannan mahaɗar "da" ce. Ƙarƙashin shigar ƙazanta akwai hanyoyi da kowace ɗaya ta isa, wato mahaɗar "ko": simintin da ya rufe wuyan rijiya ya tsage, ambaliya ta haura bakin bututun rijiya, murfin tanki ya buɗe tsuntsu ko ƙadangare ya faɗa, bututun rarrabawa ya fashe kusa da kwata ya tsotsi ruwa lokacin da babu matsi a cikinsa, ko mai gyara ya ciro sumo ya shimfiɗa bututunsa a ƙasa ya mayar ba tare da wankewa ba.

A mahaɗar "ko" ana tara yiwuwar rassan idan ƙanana ne, a mahaɗar "da" ana ninkawa. A ce, don misali kawai, kowace kariya tana gazawa sau ɗaya cikin goma. Biyu tare sai sau ɗaya cikin ɗari. Amma ninkin yana aiki ne kawai idan babu abu ɗaya da zai iya kayar da su tare, kuma a nan ne yawancin lissafi ke yaudarar mai shi. A Auyo, Ringim ko Guri, ambaliyar watan Agusta da Satumba tana cika masai, ta haura bakin rijiya, ta kuma yanke hanyar da ake kawo kulorin da mai gwada ruwa, duk a mako ɗaya. Kariya biyu a takarda sun koma sifili. Don haka a irin wannan wuri a tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin bango, har da na 2022, a ɗaga bakin bututun rijiya da akwatin kwantirola sama da wannan alama, a kuma ajiye kulorin a cikin gari tun watan Yuli.

Ka nemi duk reshen da abu ɗaya tak ya isa ya kai ka har sama. Ga B4, ruwan asibiti, idan tankuna huɗun a haɗe suke ta ƙasa da bututu ɗaya, fashewar wannan bututu ko layin masu garuwa da yamma zai zuƙe su duka. A ware tanki ɗaya da bawul mai hana komawa baya, a ba asibiti shi kaɗai.

Mataki na takwas: mutumin da ke cikin akwatin

Koma kan A6. Motar sumo ruwa ne ke sanyaya ta, idan ta yi gudu a bushe tana ƙonewa, shi ya sa ake sa na'urar da ke tsayar da ita idan ruwa ya ja baya. A watan Afrilu na'urar za ta riƙa yankewa sau da yawa, layi ya yi tsawo, a matsa wa mai kula, shi kuma ya kira mai gyara ya haɗe wayoyin na'urar biyu don ta daina damunsu. Babu sashen da ya lalace, kuma babu mai mugun nufi. Abin da ya rasa shi ne bayani: ba wanda ya gaya masa yankewar tana nufin rijiya na neman hutu. Gyaran yana da sassa uku: a rage saurin sumo daga kwantirola ya dace da abin da gwajin ja ya nuna, a manna takarda da Hausa da ajami a cikin murfin akwati mai bayyana ma'anar kowace fitila, a kuma rubuta sunan muƙamin wanda shi kaɗai ke da izinin taɓa waya.

Mataki na tara: rufe zobe

Kowane haɗari ya sami kariya, kowace kariya ta koma sabuwar buƙata mai lamba, kowace buƙata ta sami gwaji da wanda zai yi shi da lokacinsa. Layi ɗaya a jadawali zai kasance kamar haka: haɗari H2 rushewar hasumiya, musabbabi malala a gindi, kariya K4 bututun malala, buƙata B9, gwaji G9 a ɗaga makashin da hannu a ga sumo ya tsaya, sannan a bar tanki ya malala da gangan a ga inda ruwan ya bi, mai kula, ranar farko ta kowane wata. Haɗarin da ba shi da gwaji a ƙarshen layinsa a ɗauke shi a matsayin wanda ba a magance ba.

A buga kwafi uku: ɗaya wajen kwamitin ruwa, ɗaya a asibiti, ɗaya ga sashen ruwa na ƙaramar hukuma, kowanne da kwanan wata a kai. Duk sauyin da za a yi, ƙarin faranti, ƙarin tanki, jan bututu zuwa sabuwar unguwa, ko maƙwabci ya zo haƙa masai, a fara shigar da shi a samfuri, a bi lambobin da ya taɓa. Ƙarin tanki na biyar, alal misali, yana taɓa nauyin da ke kan ginshiƙi daga tan 20 zuwa 25, da awannin da sumo zai yi yana gudu, da haɗarin H2, don haka mai walda da wanda ya yi gwajin ja su ne za a fara kira kafin a je kasuwa sayen tankin.